Waƙar Da Ta Fita Ba Izini

Ranar Talata ce, kuma tun kafin gari ya waye ake ruwa, irin yayyafin nan mai naci wanda ba ya yin ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ina shagon Kawu ina goge ƙofar wani kabad da samfefa, garin katako ya manne mini a gira saboda laima. Kwana saba'in da tara ke nan rabona da makirfo.

Saura kwana goma sha ɗaya.

Mahaifin Auta ne ya yanka mini wa'adin. Shi ne hedimastan makarantar da na gudu daga cikinta ana saura wata biyu jarrabawar fita, don haka ba sai an ba shi labarina ba. Ranar da Kawu ya je masa da maganata bai ma bari ya kai ƙarshe ba.

"Ƙafa ko? Ai na san shi. Yaron da ba ya iya minti goma a kan benci? Shi zan ba 'yata?"

Sai da Auta ta yi kwana biyu ba ta taɓa abinci ba sannan ya sauko. Ya ce in ajiye waƙa wata uku cif, in kama sana'a guda in zauna a kanta. In na cika, zai saurari Kawu. In ban cika ba, ga mai kemis ɗin bakin titin nan, wanda ya daɗe yana aiko manyansa ana ba su haƙuri.

Na yarda. Na kashe babbar wayata na ba Kawu ya kulle a durowa, na sayi ƙarama mai tocila wadda ba ta san intanet ba. Shekara huɗu ina ɗora waƙoƙina ina sayarwa da kaina, ba ubangida ba kamfanin da ya ɗauke ni, amma a yini ɗaya na juya wa abin baya saboda ita.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar shago. Injiniya ne, mai situdiyon da nake aiki da shi, ya jiƙe sharkaf, yana dariya har da buga ƙafa.

"Shege Ƙafa! Ashe kai ma ka iya munafunci? Ka ce mana ka tuba, ashe bam ka dasa!"

"Wane bam kuma?"

"Kai dalla daina. Tun safe ake kirana. Waƙar nan ta kama wuta, wallahi ko tsofaffin ba su taɓa tashi da sauri haka ba."

Ya zaro wayarsa daga cikin leda ya danna. Kiɗan ya fara. Kafin muryata ta shigo na gane ta, samfefar ta faɗi daga hannuna.

Sai ga amshin. Muryar Auta, siririya, a natse, ta cika shagon Kawu.

Kawu ya ɗago daga kan zarto ya dube ni.

"Wannan ba muryar 'yar Malam ba ce?"

Na nemi wurin zama na rasa, na zauna a kan kabad ɗin mutane.

Ga yadda abin ya faru. Sau ɗaya tak Auta ta taɓa shiga situdiyo ta yi mini amshi, tun kafin maganar wa'adi, kuma sai da na rantse mata cewa ba wanda zai ji sai bayan an ba ni ita. Amma ni ba na iya gama waƙa in bar ta ta kwana a ajiye. Kamfanin da ke rarraba mini waƙoƙi yana barin mutum ya ɗora tun da wuri ya zaɓi ranar fita, ranar na cika ta fita da kanta ko kana barci. A ranar da muka gama na ɗora, na zaɓi rana can gaba da wata huɗu, ina cewa a raina kafin nan an gama komai, sai ta zama kyautar da zan ba ta. Akwai gurbin da ake rubuta sunan duk wanda ya sa murya don a ware masa rabonsa. Na rubuta sunanta cikakke, har da na mahaifinta, saboda ba na son ko sisinta ya shigo aljihuna.

Ranar da na ɗauki alkawari na tuna da ita. Na shiga na danna soke. Da'irar nan ta jira ta fara juyawa a allon wayar, tana juyawa, netwok ba kyau, Kawu na ƙwala mini kira daga waje. Na ce ai ta yi. Na kashe wayar na miƙa masa.

Ashe ba ta yi ba.

"Kawu, ba ni makullin durowa."

"Saura kwana sha ɗaya, Ƙafa."

"Kawu don Allah. Gida ya riga ya kama."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya cire makullin daga aljihun gaba ya jefo mini.

"Ka dai bi a hankali. Kai matsalarka ba mugunta ba ce, gaggawa ce."

Da wayar ta kunnu sai da ta yi kusan minti biyu tana rawa a hannuna. Saƙonnin kamfanin na nan jere. Saura wata ɗaya waƙarka ta fita. Saura mako ɗaya. Saura kwana ɗaya. Muna taya ka murna.

Auta tana koyar da ƙananan yara a wata makaranta da ke bayan tashar mota. Ƙarfe ɗaya suke tashi. Tun sha biyu da kwata ina tsaye a ƙarƙashin rumfar wani rufaffen shago da ke kallon ƙofar, ruwa na ɗiga daga kwano yana sauka a kafaɗata. Na je ƙarshen layin na dawo ya fi sau goma.

Da ta fito ba ta buɗe lemarta ba. Ta tsallako titi kai tsaye, idanunta sun kumbura.

"Ka rantse mini."

"Auta, ki saurare ni."

"Ka rantse mini, Ƙafa. Ka ɗora hannu a ƙirji ka ce daga ni sai kai sai Injiniya."

"Na soke ta. Wallahi na danna soke."

"To wa ya fitar? Aljani?"

Na ba ta labarin da'irar. Tana sauraro hawaye na zuba, ba ta share ba. Da na gama sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Minti ɗaya. Minti ɗaya ka kasa tsayawa ka ga abu ya gama juyawa."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ka san yadda na ji? Ina cikin aji ina koya wa yara ƙirga, shugabar makaranta ta leƙo ta ce, malama, ashe haka kike da murya? A ɗakin malamai kowa da wayarsa a hannu. Sunana ne a rubuce ɓaro-ɓaro, har da sunan Baba. Me ya kai ka sa sunan Baba?"

"Don a ba ki rabonki."

"Na ce maka ina son rabo?"

Ta jingina da ƙofar shagon ta rufe fuska da gefen mayafinta. Kafaɗunta na rawa. Na miƙa hannu na janye, don titi ne, kuma ban san ko har yanzu ina da wannan hurumin ba.

"Kwana saba'in da tara," ta ce cikin kuka. "Kullum sai Baba ya tambayi Yaya ko an gan ka a situdiyo. Kullum a ce ba a gan ka ba. Shekaranjiya da bakinsa ya ce, yaron nan kamar zai ba ni kunya. Ka san daɗin da na ji? Har na fara tunanin kalar labule."

"Zan gyara. Yau ɗin nan zan gyara."

Ta ɗago da sauri.

"A'a. Kada ka gyara komai."

"Auta..."

"Ka ji ni da kyau. Kada ka taɓa komai, kada ka je wurin Baba, kada ka aika Kawu. Ni na san mahaifina. Ka bar ni da shi zuwa gobe da yamma. In na kira ka sai ka zo."

"In zauna kawai?"

"Ka zauna kawai. Yini ɗaya. Za ka iya?"

"Zan iya."

Ta share fuska, ta buɗe lema. Har ta yi taku biyu ta juyo, murya ƙasa-ƙasa.

"Na shiga banɗakin malamai na saurare ta sau huɗu. Ban san haka muryata take ba." Ta gyara riƙon lemar. "Haushinka nake ji kamar in mutu, amma ta yi daɗi."

Ta tafi. Na tsaya ina kallon lemar har ta shige cikin motar haya.

Da na bi ta layin baya da ban gamu da shi ba. Amma ƙafata ta ɗauke ni ta bakin titi, kuma tun daga nesa na ji waƙar tana tashi daga lasifikar da ke ƙofar kemis. Mai kemis ɗin yana tsaye a bayan kanta cikin farar rigarsa mai guga, yana jera kwalabe.

"A'a, kafinta! Ko mawaƙi za mu ce? Yau wanne ne a kan aiki?"

Na so in wuce. Ya fito har bakin ƙofa.

"Zo mana ka fake, ruwa ake. Wallahi tun safe nake sa ta, masu sayen magani har tsayawa suke yi. Da kuɗina na saya, ka ga ai na taimaki sana'a."

"Kashe ta."

"Don me? Ba don a ji kuka fitar ba?" Ya gyara gilashinsa. "Ni har na tura wa Malam. Na ce ya taya mu murna, 'yarsa ta zama tauraruwa. Ya buɗe kuwa, na ga alamar."

Na ji jini ya hau mini kai. Na taka matakalar farko.

Bai ja da baya ba. Murmushi ma ya yi.

"Ka doke ni, sai labarin ya cika. Ka ga ɗan'uwa, ni ba na gaba da kai. Shekara tara ina buɗe ƙofar nan ƙarfe bakwai na safe. Duk wanda ya neme ni ya san inda zai same ni. Kai kuma yau gareji, gobe shagon waya, jibi waƙa, gata katako. In kai ne uban yarinya, wa za ka ba?"



"Asabar manyana za su koma," ya ce. "In kanka na ciwo shigo in ba ka magani. Kyauta."

Na sauka daga matakalar. Na ce zan koma shago in ci gaba da goge kabad. Har na kama hanya. Amma kowane taku sai in ga Malam zaune da waya a hannu yana jin muryar 'yarsa, da sunansa a rubuce a ƙasa, yana cewa ai dama na faɗa. Zuwa gobe da yamma mutum nawa za su ji? Dubu biyar? Dubu goma? 'Yan'uwansa, tsofaffin ɗalibansa, abokan zamansa?

A mararraba na juya na nufi situdiyo.

Ɗaki ne ƙarami a bayan shagon masu buga takardu, an manna katifu da kwalayen ƙwai a bango. Warinsa kaɗai ya sa ƙirjina ya buga. Injiniya na zaune gaban kwamfuta ya rataya tawul a wuya.

"Cire ta," na ce.

"Sannu da zuwa ma babu?"

"Cire ta yanzu."

Ya shiga shafina ya duba, ya karanto mini. Cire waƙa ɗaya sai an aika buƙata, a duba, a amsa. Kwana bakwai zuwa goma.

"Kwana goma? Asabar za su je!"

"Haka tsarin yake. Ni na rubuta?"

"Ba wata hanya?"

Daga yadda ya kau da ido na gane akwai.

"Faɗa mini."

"In ka rufe asusun gaba ɗaya, shafinka na rufewa nan take. Komai ya sauka. Amma ba a dawowa, Ƙafa. Sun rubuta da jan rubutu. Mabiya, sharhi, matsayin da waƙoƙin suka taka, duk sun tafi. In ka dawo gobe, daga sifiri za ka fara kamar wanda bai taɓa buɗe baki ba."

"Rufe."

Ya juyo da kujerar gaba ɗaya ya fuskance ni.

"Kai mahaukaci ne? Ka manta lokacin da muke murna mutum arba'in sun saurare ka? Ka manta ka sayar da babur ɗinka muka sayi makirfon nan? Akwai matar da ke sayen kowace waƙarka sau biyu, ta ce ɗaya tata ɗaya ta mijinta da ke asibiti. Ita me za ka ce mata?"

"Ba ita zan aura ba."

"To wadda za ka aura me ta ce?"

Na kau da kai.

"Ƙafa. Me ta ce?"

"Ta ce in jira zuwa gobe."

"To ka jira mana! Zauna nan in sayo maka lemo. Ko in ɗaure ka da wayar makirfo?"

"Ba ka gane ba. Mutumin nan gani yake ba zan iya rabuwa da waƙa ba. In na je masa hannu biyu na ce kuskure ne, wa zai yarda? Amma in na nuna masa babu komai, na share duka saboda 'yarsa, me zai ce?"

"Ban san me zai ce ba. Kai ma ba ka sani ba. Ita ce ta sani, kuma ta ce ka jira."

"Tashi."

Ya ɗaga hannuwa sama ya tashi.

"Hannuna ba ya ciki. Ka shaida, Allah ya shaida."

Na zauna. Na sa lambar sirri. Suka tambaye ni ko na tabbata, na ce eh. Suka sake tambaya, na sake cewa eh. Da'irar ta fara juyawa. Wannan karon na zauna na zuba mata ido har ta tsaya.

Shafin ya yi fari.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma na ga jakar ayyukana a gefen allon, wadda ke ɗauke da asalin kowace waƙa, murya daban kiɗa daban. Na ce muddin tana nan wata rana zan dawo, kuma Malam zai iya tambaya. Na jawo ta na jefa a kwandon shara na kwamfutar, na zubar da kwandon.

Injiniya ya dafe kai da hannu biyu.

"Har da amshin yarinyar?"

"Har da shi."

"Sau goma sha bakwai ta maimaita shi kafin ya zauna." Ya buɗe ƙofa ya tsaya a gefe. "Fita mini, don Allah. Ba na son in faɗi abin da zan yi nadama."

Washegari ban jira yamma ba. Ƙarfe tara na safe ina ƙofar gidansu, na sa rigata mai kyau, takalmina duk taɓo. Yayanta ne ya buɗe, ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga ya dawo ya ce in shigo.

Falon Malam bai canja ba. Littattafai har saman kabad, agogon bango mai ƙara, tebur da jan biro a kai. Yana zaune da tabarau a hanci. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa, ya nuna mini kujera. Na zauna a ƙasa.

"An ce da yamma za ka zo."

"Malam, na kasa jira ne. Na zo in ba da haƙuri, kuma in nuna maka na gyara."

"Ka gyara me?"

Na miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya karɓa ya nisanta ta da fuskarsa yana karantawa.

"Babu wannan shafi. Me ke nan?"

"Na rufe, Malam. Duka. Ba waƙar jiya kaɗai ba, har na baya. Na goge asalinsu ma. Yanzu ko ina so ba zan iya komawa ba. Na zaɓi Auta."

Na jira in ga fuskarsa ta saki. Sai ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur a hankali, ya daɗe yana murza idanu.

"Yaushe ka yi wannan?"

"Jiya da la'asar."

"Jiya da la'asar," ya maimaita. "Jiya da la'asar yarinyar nan tana zaune inda kake zaune. Na yi faɗa, ba zan ɓoye maka ba, na yi faɗa sosai. Ta bar ni na gama. Sannan ta buɗe shafin nan naka ta ce, Baba duba ranar da aka ɗora ta farko. Na duba. Shekara huɗu. Ta bi da ni ɗaya bayan ɗaya, ashirin da uku, kusan duk wata biyu sai ka fitar da sabuwa. Muna cikin ta tara abin ya ɗauke. Muka ɗauka netwok ne."



"Kai yaro, ka san dalilin da ya sa na ce wata uku?"

"Saboda ba ka son waƙa, Malam."

"Ba na son ta, gaskiya ne. Amma ba shi ne dalilin ba. Ka bar makaranta saura wata biyu. Ka bar gareji. Ka bar shagon waya. Ni a sanina waƙar ma wani sabon yawo ne. So nake in ga ka fara abu ɗaya ka kai shi ƙarshe, ko da share titi ne. Ban san akwai abin da ka riƙe shekara huɗu ba tare da wani ya tsaya a kanka da bulala ba. Jiya na sani. Na ce mata, in haka ne yaron nan yana da inda yake zama, ni ne ban duba wurin ba. Na ce ya zo da yamma mu yi magana, ya cika kwanakinsa sha ɗaya, a cire sunana daga jikin waƙar, shi ke nan."

Ya turo mini wayar ta kan tebur.

"Yanzu ka zo kana gaya mini abu ɗayan da ka taɓa riƙewa, ka rushe shi tsakanin azahar da la'asar. Don ka ji tsoro."

"Malam, saboda ita na yi."

"Na ji. Ran da zama da ita ya ba ka tsoro fa? Wa za ka goge?"

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na ce wallahi ba haka ba ne, na ce a ƙara mini wata uku, wata shida, shekara. Ya ɗaga hannu.

"Mutanen mai kemis za su zo Asabar. Da na yi niyyar in sallame su. Yanzu zan zauna in ji abin da suka zo da shi. Ban ce na ba shi ba, kuma ba zan yi mata dole ba. Amma ba zan ƙara rufe wa kowa ƙofa saboda kai ba. Tashi ka je."

Na miƙe da kyar. A barandar waje na same ta tsaye a jikin ginshiƙi, da kayan aiki a jikinta da jaka a kafaɗa. Ba ta tafi makaranta ba. Ta ji komai.

Ba ta kuka. Da ma kukan take yi.

"Auta."

"Na ce yini ɗaya."

"Mai kemis ne ya ce ya tura wa Malam, na ga kamar..."

"Mai kemis ya ce, ka yi. Ni na ce, ba ka yi ba." Ba ta ɗaga murya ba. "Awa biyu na yi a durƙushe a falon nan. Ban taɓa mayar wa Baba magana ba sai jiya. Na ci nasara, Ƙafa. Na fito ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Na ɗauki waya in kira ka, na ce a'a, bari in bar shi ya cika yininsa, ya ga shi ma zai iya."

"Ki yafe mini."

"Amshina fa? Yana wurin Injiniya?"

Na sunkuyar da kai.

"Ƙafa, amshina yana nan?"

"Na goge."

Ta yi baya kaɗan kamar na ture ta.

"Ka fitar da muryata ba ka tambaye ni ba. Ka goge ta ba ka tambaye ni ba. Ni a wurinka mece ce? Kayan situdiyo?"

"Za mu sake yi. Wallahi zan sake rubuta wadda ta fi ta."

"Yanzu duk garin nan wanda ya saya jiya yana da ita a wayarsa. Mai kemis yana da ita. Ni da na rera ba ni da ita, don na ce sai ka ba ni da hannunka." Sai a nan hawayen suka zo. "Ina son ka, ka sani, kowa ya sani, shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Amma na gaji da gudu a bayanka ina tattara abin da ka zubar."

"Asabar me za ki ce musu?"

Ta gyara jakarta.

"Ban sani ba. Kuma kada ka kira ni ka tambaya. In ka iya, ka jira."

Ta bi ta gefena ta fita. Ruwan ya ɗauke, titi duk kwatami, tana tsallake su ɗaya bayan ɗaya ba ta waiwayo ba.

Ban koma shagon Kawu ba sai bayan azahar. Bai tambaye ni komai ba, ya miƙo mini samfefa. Na zauna a gaban kabad ɗin ina lissafin abin da ya tafi daga safiyar Talata zuwa yanzu. Waƙa ashirin da uku. Shekara huɗu. Mabiya dubu goma sha takwas da ɗari biyu. Kwana tamanin na wa'adi. Abokin aiki ɗaya. Amshi ɗaya da aka maimaita sau goma sha bakwai. Da kira goma sha huɗu da na yi mata kafin la'asar, ba ta ɗaga ko ɗaya ba.